Gado da ciwon sikizofireniya

Sikizofireniya wani nau'in taɓin hankali ne da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, da zargin jama'a ba dalili, da rikicewar zance. Yakan fara ne a ƙuruciya, kuma yana kama kusan mutum 1 cikin 100. A ƙauyukan Matamaye, irin su Yauri, akan danganta shi da iskoki ko sammu, sai a fara kai mai ciwon wurin malami kafin a tuna da babban asibitin Damagaram.

Gado yana da kaso mai yawa a ciwon. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da shi, haɗarinsa yakan kai kusan kashi 10 cikin 100. Tagwaye masu kama ɗaya kuwa, idan Hassan ya kamu, haɗarin Husaini ya kusa rabi. Ke nan jini kaɗai ba ya yanke hukunci. Wahalar haihuwa da shan wiwi suna ƙara nasu.

Ba ƙwayar gado guda ce ke jawo shi ba. Wani babban bincike na 2022 ya gano wurare 287 a ƙwayoyin halittar ɗan Adam masu alaƙa da ciwon, kuma da yawansu sun shafi ciwon baifola, mai jujjuya mutum tsakanin zumuɗi da baƙin ciki.

Abin takaici, yawancin waɗanda aka gwada Turawa ne, alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado. A 2020 aka wallafa binciken al'ummar Kosa ta Afirka ta Kudu, sannan shirin NeuroGAP ya tattara samfura a Habasha, Kenya, Yuganda da Afirka ta Kudu.