Gas, garwashi da sanyin hunturu a masarautar Daura

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu mai busowa daga Sahara kan kawo sanyi mai ratsa ƙashi a Daura, Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu, musamman da asuba. A wannan lokaci tukunyar gas ke saurin ƙarewa, saboda dafa ruwan wanka da na alwala ya ƙaru a kan girki.

A Maris 2021 ne shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya ayyana 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na bunƙasa iskar gas. Sai dai tun faɗuwar darajar naira a 2023 kuɗin cika tukunya ya tashi, gidaje da dama suka koma wa itace da gawayi.

Haɗarin yana nan. Kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Tana hana jini ɗaukar iskar numfashi, mai barci kuwa ba ya farga. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamun farko. Kunna murhun gas don ɗumama ɗaki ma haka yake, ga kuma asarar gas.

Mai son gas ya yi auki sai ya rufe tukunyar girki, ya kare murhu daga iska, ya jiƙa wake tun dare, ya ajiye ruwan zafi a fulas. Harshen wuta shuɗi ake so. Idan ya koma ɗorawa, kan murhun na bukatar sharewa. Garwashi kuwa, a fitar da shi tsakar gida kafin a kwanta.