Kamfanin hulɗa da jama'a: aikinsa, dokarsa da iyakarsa a Arewa

Kamfanin hulɗa da jama'a shi ne wanda ake biya domin ya kula da sunan wani a idon mutane, ko mawaƙi ne, ko otal, ko masana'anta, ko bikin al'ada. Ya bambanta da kamfanin talla. Mai talla yakan sayi fili a jarida ko minti a rediyo ya faɗi abin da yake so. Mai hulɗa da jama'a kuwa ƙoƙarinsa shi ne ɗan jarida ya ga labarin ya cancanci bugawa ba tare da an biya shi ba. Kayan aikinsa su ne takardar sanarwa, taron manema labarai, kai 'yan jarida su gani da idonsu, da shirya amsa idan abin kunya ya ɓullo.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mai shela yana kai saƙon sarki kasuwa da unguwa, sanƙira yana bayyana wanda ya zo biki da abin da ya bayar, maroƙi yana ɗaga sunan attajiri, dillali kuma yana shaida wa baƙo cewa kayan wane ba su da algus. Abin da zamani ya ƙara shi ne kwantiragi a rubuce, da doka.

A Najeriya an kafa ƙungiyar masu wannan aiki a 1963, kuma doka mai lamba 16 ta 1990 ta ba Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, NIPR, ikon yi musu rajista, ta kuma haramta yin aikin ba tare da rajistar ba. Talla tana ƙarƙashin wata hukuma dabam, ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022. A shekarar ne ta hana sanya baƙin fuskoki da baƙin muryoyi a tallan da aka nufi 'yan Najeriya da shi, daga ranar 1 ga Oktoba. Manyan kamfanonin sun fi taruwa a Legas da Abuja. Daga cikin waɗanda aka sani a Arewa akwai Image Merchants Promotion na Yushau Shuaib, mai wallafa PRNigeria, wanda ke da cibiya a Kano, kodayake an fi saninsa da yaɗa bayanan hukumomin tsaro da na agajin gaggawa.

A fagen fasaha, yawancin aikin ba kamfani ne ya yi shi ba. Sunan Kannywood kansa daga mujallar Tauraruwa ya fito a ƙarshen shekarun 1990, kuma mujallar Fim ta Ibrahim Sheme, da ta fara fita a 1999, ta yi wa 'yan wasa hidimar da a wata ƙasa sai an ɗauki ma'aikata. Yau furodusa da wayarsa, da shafinsa na Facebook ko TikTok, shi ne kakakin kansa. Hakan yana da araha, amma ranar da rigima ta tashi tsakaninsa da hukumar tace fina-finai ta Kano, sai a ga ba shi da wanda zai ce masa ya yi shiru na kwana ɗaya.

Yawon buɗe ido ne ya fi nuna iyakar sana'ar. A watan Disamba na 2024, a taron da aka yi a Asunshiyon ta ƙasar Faragwai, hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, kamar yadda ta sanya bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Babu kamfanin da zai iya sayo wa Kano suna irin wannan. To amma watanni kaɗan kafin nan, a babbar sallar 2024, 'yan sanda sun hana hawan saboda rikicin sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero, kuma a ƙaramar sallar 2025 ma ba a yi ba. Baƙon da zai taso daga Landan ko Yamai sai ya tanadi tikiti da masauki tun da wata biyu ko uku, don haka abin da yake nema tun farko shi ne tabbacin rana. Argungu ma ta shafe kimanin shekara goma ba a yi bikin ba kafin a dawo da shi a Maris na 2020. Wanda ya ci ribar hawan salla a da, wato mai otal, mai ɗinkin kayan doki, mai hayar mota da mai sayar da hula, shi ne ke fara jin rashinsa.

Masarautun da ke kewaye da Kano suna da abin nunawa a irin wannan lokaci. Kazaure, masarautar Ɗan Tunku, tana kan hanyar Kano zuwa Daura, tana da nata hawan sallar, da madatsar ruwa a gefen gari, kuma hakimanta daga Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, ƙaramar hukumar da Achilafiya take ciki, sukan shigo da dawakansu. Jihar Jigawa tana da zanen dutse na Birnin Kudu da dausayin Baturiya inda tsuntsaye masu ƙaura ke sauka. Kafin a kira 'yan jarida zuwa irin waɗannan wurare, aikin farko mai gajiyarwa ne: jadawalin hawa da za a fitar da wuri, wurin zaman baƙi, ɗan jagora mai jin Turanci ko Faransanci, da hotuna masu kyau da jarida za ta ɗauka kyauta.

A kasuwanci lissafin ya fi sauƙi. Jigawa na cikin manyan masu noman riɗi da zoɓo, kuma hukumar InvestJigawa ce ke tallata jihar ga masu zuba jari. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa yakan fara ne da rumfa a baje-kolin Kano da ƙungiyar KACCIMA ke shiryawa duk shekara.

Ga mai karatu, wurin lura shi ne inda sanarwa take shigowa cikin rigar labari. Al'adar ba 'yan jarida kuɗin mota bayan taro ta daɗe, kuma ita ce ke sa a ga labari ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, a shafuka goma a rana guda. Ƙa'idar aikin jarida ta hana karɓar lada domin buga labari ko danne shi, kuma jaridar da ke mutunta kanta takan rubuta a saman duk abin da aka biya ta buga cewa talla ce.