Nauyi da Sinadari: Tarihin Binciken Tsiron Ƙashi

A wannan ɗan rubutu ina so in gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin wani bincike da ya ci wa masana fiye da shekara ɗari, watau neman sanin abin da ke sa ƙashi ya tsiro. Maɗori na iya haɗa karaya, amma in haɗari ko ciwon daji ya cinye wani babban yanki na ƙashin, to, ɗori ba ya cike gurbin. A nan ne matsalar take.

Masu binciken sun kasu gida biyu. Na farko su ne masu cewa nauyi ne ke gina ƙashi. A 1867 wani masani a birnin Zurik, Hermann von Meyer, ya nuna cewa saƙar da ke cikin kan ƙashin cinya ta bi hanyoyin da nauyi ke bi. Bajamushe Julius Wolff ya mayar da wannan ƙa'ida a littafinsa na 1892: ƙashi na sake siffa gwargwadon aikin da aka ɗora masa. A ganina wanda ya fi kowa tabbatar da haka shi ne Gavriil Ilizarov, likitan garin Kurgan a Saberiya. Tun daga shekarun 1950 yakan yanke ƙashi, ya ɗaure shi da zobban ƙarfe, sannan a riƙa jan ɓangarorin biyu milimita 1 kowace rana. Sai sabon ƙashi ya riƙa cike tsakani. Abin kamar almara!

Gida na biyu na masu sinadari ne. A 1965 Marshall Urist na Amurka ya jiƙa ƙashi cikin asid har taurinsa ya fita, ya dasa shi cikin tsokar dabba, sai ga ƙashi ya tsiro inda ba mazauninsa ba. A 1971 aka raɗa wa furotin ɗin da ke haddasa haka suna BMP, a 2002 kuma Amurka ta yarda a yi amfani da wani nau'insa wajen aikin ƙashin baya.

To, wa ke jin nauyin, wa ke amsa kiran sinadarin? Alexander Friedenstein na Mosko ne ya buɗe wannan ƙofa, domin a shekarun 1960 zuwa 1970 ya gano wasu ƙwayoyin asali cikin ɓargo masu iya rikiɗa su gina ƙashi. A cikin ƙwayar halitta gidajen biyu suka haɗu. A 2006 Adam Engler da Dennis Discher suka nuna cewa in an ɗora irin waɗannan ƙwayoyi kan shimfiɗa mai laushi sai su kama hanyar zama ƙwayoyin jijiya, in kuwa mai tauri ce sai su nufi zama ƙashi.

Shi ya sa a yau ake shuka su cikin wani soso mai ƙananan ramuka, a sa a na'urar da ke matsa su tana tura musu ruwa mai sinadari. Sai dai har yanzu likitoci sun fi dogara ga ciro ƙashi daga ƙugun majiyyacin su dasa masa, domin babban yankin da aka raina a ɗakin bincike ba shi da hanyoyin jini, ƙwayoyin tsakiyarsa sukan mutu kafin jini ya kai gare su.