Suna da ƙasa cikin binciken asalin zuri'a: misalin gidan Washington a Ingila

1. Gabatarwa

Cikin wannan ƴar takarda, muna so mu nuna cewa suna shi kaɗai ba ya isa hujja wajen bin asalin zuri'a. Sai an haɗa shi da wurin zama da kuma shekara. Mun ɗauki misalin gidan Washington, saboda takardunsa sun kai shekara 800, kuma masana sun yi kusan ƙarni guda suna saɓani a kan mahaɗi ɗaya na salsalarsa.

2. Yadda sunan gari ya koma sunan gida

Kundin Domesday na 1086 bai ƙunshi yankin Durham ba. Abin da ya cike wannan giɓi shi ne kundin Boldon, wanda bishop Hugh du Puiset ya sa aka rubuta da Latinanci a 1183. Nan ne muke samun wani William de Hertburn, wanda ya ba bishop ƙauyen Hertburn, ya karɓi na Wessyngton, bisa sharaɗin ya biya fam 4 kuma ya kai karnuka biyu babbar farautar bishop. Da ya sake gari sai ya sake suna, ya zama de Wessyngton.

Ga mai nazarin harshe, sunan ya haɗa harsuna biyu. Ƙwayar "de" Faransancin Normandawa ce, aikinta nuna inda mutum ya fito. Ɗafa-ƙeyar "-ton" kuwa daga "tūn" take, wato gona ko ƙauye a tsohon Ingilishi. Daga baya "de" ta faɗi, rubutun kuma ya yi ta sauyawa bisa kunnen kowane magatakarda, kafin ya tsaya a Washington. Sa'an nan taswira tana nuna wani garin Washington dabam can kudu, cikin Sussex. Ke nan mai wannan suna ba lalle ne ya zama ɗan Durham ba.

3. Daga arewa zuwa Sulgrave

Wani reshe na gidan ya zauna Warton cikin Lancashire. Daga cikinsa ne Lawrence Washington ya fito, ɗan kasuwar ulu, wanda ya yi magajin garin Northampton, ya kuma sayi ƙasar Sulgrave daga hannun sarki Henry na 8 a 1539, bayan an ƙwace dukiyar gidajen ibada. Shekara ɗaya kafin haka, a 1538, Thomas Cromwell ya umurci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A 1579 kuma Christopher Saxton ya fito da taswirorin gundumomin Ingila. Rajista tana faɗin wane ne da yaushe, taswira kuwa tana gaya ma mai bincike rajistar wane gari zai buɗa nan gaba.

4. Mahaɗin da ya ɓata

A 1791 Sir Isaac Heard, shugaban masu kula da tamburan gidajen Ingila, ya rubuta ma George Washington yana tambayar asalinsa. A amsarsa ta 1792, shugaban Amurka ya ce bai cika damuwa da zancen ba, sai dai ya ji manya suna cewa daga arewacin Ingila suka fito. George tattaɓa-kunnen John Washington ne, wanda ya ƙaura zuwa Virginia wajen 1657, ƙanensa Lawrence kuma ya bi shi. Da aka ga wasu ƴan'uwa, John da Lawrence, cikin salsalar Sulgrave, sai aka ɗauka su ne.

A shekarun 1860 Joseph Chester ya rushe wannan zato: John ɗin Sulgrave ya zauna Thrapston, Lawrence kuma limamin majami'ar Purleigh ne cikin Essex, wanda ƴan Majalisa suka tuɓe a 1643. Babu wanda ya ƙetare teku cikinsu.

Henry Waters ne ya warware matsalar a 1889, ta hanyar bin ƙasa. Ya gano cewa Lawrence na Virginia ya taɓa zama Luton, sai ya shiga takardun garuruwan kewaye. A Tring, kimanin kilomita 20 daga Luton, akwai wasiyyar Andrew Knowling, mijin uwar wata Amphillis Washington, wadda ta lissafa ƴaƴan Amphillis, har da John da Lawrence. Rajistar Tring kuma ta nuna baftismar Lawrence a 1635. Mijin Amphillis shi ne limamin Purleigh. Ashe waɗanda suka ƙaura ƴaƴan limamin ne: gidan daidai, amma an tsallake tsara ɗaya, don sunayen biyu suna maimaituwa daga uba zuwa ɗa.

Shekarar ma tana bukatar lura. Wasiyyar tana ɗauke da watan Janairu 1649, wanda a lissafinmu 1650 ne, domin kafin 1752 shekarar Ingila tana somawa ranar 25 ga Maris.

5. Kammalawa

Abin da George ya ji a bakin manya gaskiya ne, amma bai ba da suna ko shekara ba. Takarda ta ba da sunaye, amma ta ɓatar da waɗanda suka dogara ga kamannin suna kawai. Saboda haka muke ganin bai kamata a karɓi wani mahaɗi na salsala ba sai suna da gari da shekara sun dace cikin takardu biyu, aƙalla, waɗanda ba ɗaya aka kwafo daga ɗaya ba.