Itacen girki: abin da ya kamata kowane gida ya sani

Makamashi shi ne duk abin da ke ba mu wuta, haske ko ƙarfin aiki: itace, gawayi, gas, man fetur, lantarki da hasken rana. A ƙasar Nijar, fiye da gida 9 cikin 10 da itace suke girki. A Malbaza, maƙwabciyar Tajaye, an buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a shekarar 2018, mai ƙarfin megawat 7. Ci gaba ne. Amma ku duba madafar gidanku: har yanzu tukunya a kan duwatsu uku take. Saboda haka ilimin makamashi a ƙauye daga murhu ya kamata ya fara.

Ina zafin yake tafiya?

A murhu mai duwatsu uku, kaɗan ne daga zafin wuta yake shiga tukunya. Mafi yawansa iska ce ke kwashewa. Murhun laka ko na ƙarfe da ya kewaye tukunya, kamar wanda ake kira Mai Sauƙi, yana tsare wutar wuri ɗaya. Idan an yi amfani da shi daidai, damin itace yana daɗewa sosai. Ku busar da itace kafin ku hura shi, ku faskara shi ƙanana, ku rufe tukunya da marfi. Wake kuwa, a jiƙa shi tun da dare. Hayaƙi ma ba abin rainawa ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara.

Murhu da gona

Idan itace ya yi wuya, sai a koma ƙona karan hatsi da kashin shanu. A nan ne babbar asara take. Kara shi ne mayafin gona a lokacin rani, kashin shanu kuma takinta. Gonar da aka kwashe su daga cikinta, iska ce ke share ƙasarta, ruwan sama kuma ya gudu bai shiga ba. Yanzu da damina ke zuwa a makare ko ta yanke a tsakiya, irin wannan gona ce ke fara ƙonewa. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 za su ba ku labari.

Akwai magani, kuma a ƙasarmu aka gwada shi. Tun daga 1983, manoman Maradi suka fara barin kututtukan itatuwa su sake tofo a gona. Manomi yana zaɓen rassa kaɗan masu ƙarfi, ya sassabe sauran. Ta haka aka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Rassan da aka sassabe su ne itacen girki, ba sai an yi nisa ba. Gawo ya fi dacewa, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana. A kwarin Majiya kuma, cikin jihar Tawa, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Mata da 'yan mata ne ke yin tafiyar neman itace, su ne kuma ke shaƙar hayaƙi. Yarinyar da ta wuni a daji ba ta je makaranta ba. Amma sau da yawa gonar da itacen yake ciki ta maigida ce, shi ke cewa a sare ko a bari. A ganinmu, koyar da mata gina murhu ba tare da an zauna da maza kan maganar itatuwan gona ba, rabin aiki ne.

Sanin doka ma yana cikin wannan ilimi. A da, manoma da yawa sun ɗauka itace na gwamnati ne, don haka ba su damu da renonsa ba. Dokar 1992 ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na karkara, su kula da dajinsu su kuma sami rabo daga haraji. A 2020 an fitar da wata doka da ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena a gonarsa. Ku gayyaci ma'aikacin gandun daji zuwa ajinku na yaƙi da jahilci, ya bayyana muku waɗanne itatuwa ne sai da izini ake sarewa. Duk kuɗin da kuka biya, ku nemi takarda, ku karanta ta kafin ku bar wurin.