Tarihin waƙar tallar McDonald's da ta zagaye duniya

A watan Janairun 2003 ne kamfanin sayar da abinci na McDonald's da ke Amurka ya sanar da cewa ya tafka asara a watanni ukun ƙarshe na 2002, abin da bai taɓa faruwa ba tun shigarsa kasuwar hannayen jari a 1965. Daga cikin matakan da ya ɗauka domin farfaɗowa har da neman talla guda wadda za ta yi aiki a duk ƙasashen da yake da rassa.

Kamfanin talla na Heye & Partner da ke kusa da birnin Munich na Jamus shi ne ya lashe gasar da aka shirya. Tom Batoy da Franco Tortora suka tsara ɗan gajeren kiɗan mai sauti biyar. An ƙaddamar da tallar a Jamus ranar 2 ga Satumban 2003, sannan ta bazu zuwa ƙasashe fiye da 100 da sunan "I'm Lovin' It".

Mawaƙin Amurka Justin Timberlake ya fitar da cikakkiyar waƙa mai wannan suna, wadda Pharrell Williams da Chad Hugo suka haɗa wa kiɗa. A 2016 aka yi taƙaddama bayan da aka danganta ƙirƙirarta ga mawaƙi Pusha T, sai dai Batoy da Tortora sun musanta hakan.

Yau fiye da shekara 20 ke nan kamfanin bai sauya wannan take ba, kuma babu wani takensa da ya taɓa daɗewa haka.