Maginin Zazzau da Ya Yi Wa Sakkwato Masallaci

A nan ƙasarmu, daga Gwandu har Kalgo, idan dattawa na maganar tsohon gini, sunan mai mulki suke kamawa. A ce Muhammadu Bello ya yi wa Gwandu ganuwa wajen 1806, ya yi wa Sakkwato a 1809. Gaskiya ne, amma ba Bello ya kwaɓa ƙasa ko ya jera azara ba. Akwai gwanaye da suka yi, kuma wasunsu baƙi ne.

A cikin 1824 wani Baturen Birtaniya, Kyaftin Klafaton, ya iso Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Bello. Ya tarar ana ginin wani babban masallaci da dukiyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ya kuwa zanta da shugaban magina. Mutumin ɗan ƙasar Zazzau ne. Ya shaida wa Baturen cewa mahaifinsa ya taɓa zama a Masar, ya koyo fasalin ginin can, da ya rasu ya bar masa takardunsa, da su yake aiki. Abin da ya roƙa shi ne wata rula ta awo da lissafi. Wannan roƙo ya daɗe yana burge ni. Wanda ke neman abin awo ba da ka yake gini ba, yana lissafi kafin ya aza tubali. Ya kamata malamai su gaya wa ɗalibansu haka, domin da yawa suna zaton zanen gini sai da Turawa ya zo.

Wasu masu bincike na ganin wannan mutum shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846). Can ya nuna iyakar gwanintarsa, ya ɗaure azara gaba-gaba, ya lulluɓe ta da ƙasa, bakan gizo ya tashi daga manyan ginshiƙai ya ɗauki rufi. Azara guda ba ta iya ƙetare fili mai faɗi, sai an yi mata dabarar ɗauri, a nan ake bambanta gwani da ɗan koyo.

Labarin baka ya ce daga baya ya yi wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Ni dai ina ɗaukar wannan da hattara, gama ana ba da irinsa a kan magina a ƙasashe da dama.

A shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin na Zariya da sabon gini na siminti. An kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos, bisa awon da wani baƙon masanin gine-gine, Dimokoski ɗan ƙasar Folan, ya ɗauka.